Na'urar jin da muka saya wa Inna a Jidda

Jama'a duk wanda tsohonsa ya fara rashin ji, kar ya yarda da 'yan samma'a, wato na'urorin ji, masu arahar nan na intanet. Ƙanina ya kawo wa Inna irinsu, ashe ƙara sauti kawai suke yi, ƙarar mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da ta cokali da maganar mutum duk ɗaya, ga fito kamar usur, ta cire ta ce kanta zai fashe.

Shi ne na kai ta wani shago a nan Jidda da ke da mai gwajin kunne, na tafi da niyyar ko bashi ne in ci in ɗauko mata ta kamfanin Phonak ko Oticon ɗin nan mai caji da Bluetooth, kun dai san kuɗinsu ba wasa ba. Matar da ta gwada ta wallahi ta ba ni mamaki. Ta sa Inna a ɗan ɗakin nan da ba a jin motsin waje, ta fitar da takarda, ta nuna min cewa siraran sauti ne suka tafi, shi ya sa Inna kullum take cewa ina jin ku amma ban gane me kuke faɗa ba. Sai ta juya ta ce "Hajiya kina kallo a waya?" Inna ta ce ita carbinta ya ishe ta. Matar ta yi dariya ta ce min to ba ta buƙatar mai Bluetooth, ajiye kuɗinka, ɗauki matsakaiciya ta bayan kunne mai batir lamba 13, ya fi batir lamba 312 girma, ya fi daɗewa, kuma yatsun tsohuwa za su iya kama shi. Mai sayarwa ce fa, tana hana ni sayen mai tsada! Har ta koya mana in an ɓare takardar batir a ɗan jira minti guda iska ta shiga kafin a sa.

Alhamdulillahi yanzu Inna na jin jikokinta, ba sai an yi ta ihu ba.

Amma fa shagon kansa ban ba shi cikakken maki ba. Da muka koma a rage sautin ɓangaren hagu matar ba ta nan, wani saurayi ya ce sai mun biya, alhali da baki aka ce mana saiti kyauta ne, kuma babu wanda ya faɗa mana zufa da damshin Jidda na lalata na'urar sai da ta fara ɗaukewa, sannan suka fito da akwatin busarwa wai shi ma kuɗinsa daban, garanti bai shafi ruwa ba. Raina ya ɓaci sosai. In za ku je ku nemi matar nan, kuma duk alkawarin da suka yi a rubuta muku shi a rasit kafin ku miƙa riyal ɗaya.