A wanke nozil ko a sa sabo?

Duk mai aiki da injin wanke kayan aiki ya san ranar da feshin zai fara fita a karkace, gefe ɗaya ruwa kamar da bakin ƙwarya ɗaya gefen kuma ɗigo-ɗigo, sai a tsaya ana tunanin a wanke nozil ɗin ne, wato ɗan bakin nan da feshin ke fitowa ta cikinsa, ko a canza shi.

In toshewa ce kawai, wato yashi ko farin gishirin nan da ruwa ke bari, wankewa ta wadatar. Ka kwance shi ka jiƙa a ruwan khal, ka goge da buroshi mai laushi, ka duba filta ma, wato matatar ruwan, don yawanci daga can matsalar take. Amma don Allah kar ka soka allura ko waya a ramin, ni na taɓa yi wa na tagulla haka, feshin ya koma kamar na buta, ramin ya faɗaɗa kuma ba ya komawa.

Wanda ya cinye kuwa ko ka kwana kana wankewa a banza. Ramin ya buɗe, ruwa na zuba da yawa, firesha ta faɗi, sabulu na ta tafiya. Ka tara ruwansa a bokiti na minti 1 ka gwada da na sabo, in ya haura da kamar kashi 10 cikin 100 to cire shi kawai. Kuma in za ka saya, na ƙarfe marar tsatsa ya fi na tagulla daɗewa sosai, ni shi nake sawa yanzu a duk layin.