OraQuick: Gwajin ƙanjamau ba tare da huda yatsan yaro ba

Daga cikin gwaje-gwajen da ake yi da ruwan baki maimakon jini, wanda iyaye suka fi iya cin karo da shi a asibitoci da manyan shagunan magani na Najeriya shi ne OraQuick, abin gwajin ƙwayar cutar HIV da kamfanin OraSure na jihar Pennsylvania ta Amurka yake ƙerawa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa sayar da shi don gwaji a gida a shekarar 2012, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tantance shi a 2017, inda ya zama na farko cikin kayan gwajin kai da ya sami wannan shaida. An fara yin sa ne domin manya, amma a ganina wurin da ya fi nuna amfaninsa shi ne bakin yaro ɗan shekara uku ko biyar, wanda da zarar ya hangi allura sai ya sandare yana ihu, har uwar ta ce a bari sai wani zuwan, kuma sau da yawa wani zuwan ba ya zuwa.

Idan aka yage ledar, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: farar sandar roba mai faffaɗan kai, 'yar kwalba mai ɗauke da ruwan gwaji, mazaunin da ake kafa kwalbar a kai don kada ta zube, da takardar bayani mai hotuna. Ana goga faffaɗan kan sandar a dasashin sama sau ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, a goga a na ƙasa sau ɗaya, sannan a tsoma shi cikin kwalbar a bar shi. Yaron ba ya jin komai sai ɗan cakulkuli, galibi ma dariya yake yi. Bayan minti 20 ake duba 'yar tagar da ke jikin sandar, kuma ba a amincewa da abin da ta nuna idan an wuce minti 40. Layi ɗaya a gefen harafin C yana nufin ba a ga alamar cutar ba, layi biyu a C da T yana nufin an ga alama ko da na biyun ya yi dishi-dishi, idan kuwa layin C bai fito ba to gwajin ya lalace, sai a ɗauko sabo. Sharaɗin da ya fi wuya da yara shi ne a hana su ci da sha na minti 15 kafin gwajin, a kuma bar minti 30 bayan goge baki da makilin, domin duk wanda ya taɓa zaman layin asibiti ya san cewa da biskit da ruwan leda ake lallashin yaro.

Abin da sandar take nema ba ƙwayar cutar ba ce. Tana neman sinadaran kariya ne da jiki yake samarwa bayan cutar ta shiga, waɗanda suke tsattsafowa daga jini zuwa ruwan da ke jikin dasashi. Ya kamata ma'aikacin lafiya ya bayyana wannan tun kafin ya buɗe ledar, saboda akwai iyayen da suke ganin ana goga baki sai su ɗauka cewa ana ɗaukar cutar ta yawu, daga nan a ware wa yaro kofi da cokali a gida, a hana shi cin abinci kwano ɗaya da 'yan'uwansa. Ba a ɗaukar HIV ta yawu, kuma takardar da ke cikin leda ba za ta iya cire wannan zato daga zuciyar kakar yaro ba sai an zauna an yi mata bayani.

Ta fuskar inganci, akwai abin dogaro. Wani bincike da aka yi a Kenya da Zimbabwe aka wallafa a 2019, a kan yara daga wata 18 zuwa shekara 18, ya nuna cewa gwajin baki ya gano duk yaran da gwajin jini ya tabbatar suna ɗauke da cutar, kuma da ƙyar ake samun ya nuna alama ga wanda ba shi da ita. Sai dai ƙwararru ne suka yi wannan gogawa. A binciken da aka yi a Amurka kafin a amince da gwajin gida, inda mutane suka gwada kansu ba tare da horo ba, kimanin kashi 92 cikin ɗari na masu cutar ne aka gano, wato ana iya kuskure mutum ɗaya cikin goma sha biyu. Wannan tazarar ita ce ta sa nake ganin ya fi dacewa a yi wa yaro gwajin a gaban ma'aikacin lafiya, ko aƙalla bayan an nuna wa uwar yadda ake yi da hannunta.

Babbar iyakarsa kuwa ta shafi jarirai. Jaririn da uwarsa take ɗauke da cutar yana gadon sinadaran kariyarta tun yana ciki, kuma suna iya zama a jikinsa har wata 18, don haka sandar za ta iya fitar da layi biyu alhali jaririn lafiyarsa ƙalau. Irin wannan jariri gwajin PCR, mai neman ƙwayar cutar kanta, ake yi masa da ɗigon jinin da ake ɗauka a diddigensa, galibi yana da mako shida, sannan a sake gwaji bayan yaye tunda nono ma hanya ce ta kamuwa. Haka nan yaron da ya riga ya fara shan maganin rage kaifin cutar bai kamata a gwada shi da wannan sanda ba, domin tana iya nuna layi ɗaya, iyaye su ɗauka ya warke su daina ba shi magani. Wannan kuskure ne mai iya halaka yaro. Kuma idan kamuwar sabuwa ce, wadda ba ta kai wata uku ba, sandar tana iya rasa ta.

Akwai kuma batun zafi. An rubuta a jikin kwalin cewa a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 30 na ma'aunin Celsius, alhali a Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi zafin watan Afrilu yana haura 40. Na taɓa ganin kwalayensa jere a kan kantar wani kemis mai rufin kwano, ba fanka ba firij, rana tana dukan su ta taga. Laifin mai shagon ne, amma mai saye ne zai kwasa, saboda haka a duba ranar lalacewa, a kuma duba inda aka ajiye kayan kafin a biya kuɗi. A 2017 gidauniyar Gates ta ƙulla yarjejeniyar da ta sauko da farashinsa zuwa dala 2 ga gwamnatoci da ƙungiyoyi a ƙasashe 50, shi ya sa aka riƙa samunsa kyauta a wasu cibiyoyin gwamnati, amma na shago ya fi haka tsada nesa ba kusa ba.

Duk da waɗannan iyakoki, ina ganin abin ya cancanci yabo, kuma dalilin yana cikin alƙaluma. Ƙididdigar UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙanjamau, ta 2023 ta nuna cewa kashi 57 cikin ɗari na yaran da ke ɗauke da HIV a duniya ne suke samun magani, alhali manya sun kai kashi 77, kuma babban abin da ya bar yaran a baya shi ne ba a gwada su ba. Akwai matan da suka gano halin da suke ciki wajen awo a cikinsu na biyar, manyan 'ya'yansu huɗu suna gida ba a taɓa duba su ba. Akwai marayun da ke hannun masu riƙo waɗanda ba su san abin da ya kashe iyayen ba, sai dai su ga yaro ba ya girma, yau gudawa gobe tari. Kwaso yara huɗu zuwa asibiti yana cin kuɗin mota, yana kuma jawo tambayoyin maƙwabta, amma ma'aikaciyar lafiya tana iya shiga gida da sanduna huɗu a jaka ta fito cikin awa ɗaya ba wanda ya ji kukan yaro.

Shawarata ga iyaye ita ce su karɓe shi idan yaro ya wuce wata 18 kuma bai fara shan magani ba. Idan layi biyu suka fito, ba a yanke hukunci da shi ba kuma ba a fara magani a kansa, sai an kai yaron asibiti an tabbatar da gwajin jini bisa tsarin da ma'aikatar lafiya ta gindaya, kuma gara a je a ranar ko washegari.