Sashen tiyatar ƙirji: aiki ya yi kyau, layin kuɗi ne matsala

Wallahi likitan sa barcin sashen nan ya iya aikinsa. Kafin tiyatar Baba ya mana bayani, bututu mai hanya biyu za su zura ta maƙogwaro, a sace iskar huhun da za a yi wa aiki, ɗayan kaɗai inji ke hura wa, kuma nan kumburin huhu ke shigowa, in iska ta yi masa yawa ko sanda aka sake hura wancan, shi ya sa suke ba da ita kaɗan-kaɗan. Baba ya ɗan yi zazzaɓi da tari, nas-nas suka dage masa da atisayen numfashi har ya warware. Wajen biyan kuɗi kam sai haƙuri, layi ba ya motsi.