Cibiyoyin headspace na Ostireliya: shiga da sauƙi, amma ba su isa ga mai larura mai nauyi ba

Likitan ƙwaƙwalwa Patrick McGorry, haifaffen Dablin mai aiki a Melbon, ya daɗe yana jan hankali kan abu guda: kusan kashi uku cikin huɗu na larurorin ƙwaƙwalwa suna kunno kai kafin shekara 25, amma sashen yara kan sallami mutum yana 18, daidai lokacin da ya fi bukatar kulawa. Wannan tunani ya haifi headspace a 2006, wato cibiyoyin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa don matasa 'yan shekara 12 zuwa 25. Yau cibiyoyinta sun haura 150.

Abin yabo shi ne ƙofar. Ba sai da takardar likita ba. Matashi na iya bugo waya ko ya shigo da ƙafarsa. A zaman farko ma'aikaci zai tambaye shi game da gida, makaranta, barci, shaye-shaye, da ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar nan ta ƙarshe kai tsaye ake yin ta, kuma haka ya dace, don yin ta ba ya cusa wa mutum tunanin. A rufi ɗaya ake duba lafiyar jiki da batun karatu ko neman aiki, saboda haka ba wanda zai ga yaro ya shiga ya san abin da ya kawo shi. Yawancin hidimar kyauta ce ko da kuɗi kaɗan. A tafi da katin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Ostireliya.

Matsalar tana bayan ƙofa. Tsarin Medicare na tallafa wa zama 10 ne a shekara da masanin halayyar ɗan Adam. Ga fargaba ko damuwar da ba ta yi nisa ba, wannan kan wadatar. Ga matasan da ke yawan yanka jikinsu, zama 10 ba ya kai ko'ina. Irin waɗannan sun fi ƙarfin headspace, asibiti kuma ya ce ba su kai a kwantar da su ba. McGorry da kansa ya sha kokawa kan wannan giɓi. Ga kuma jiran layi, musamman a garuruwan karkara inda ma'aikata suka yi ƙaranci.

Shirin kula da masu fara jin muryoyi ko ganin abin da babu, wanda aka ɗora kan tsarin EPPIC, cibiyar kula da masu irin wannan larura da McGorry ya kafa a 1992, wasu cibiyoyi ƙalilan ne ke da shi. Iyaye su tambaya tun a waya. Idan kuwa rai na cikin haɗari a daren nan, headspace ba wurin gaggawa ba ce, lambar gaggawa ta Ostireliya, 000, ake kira.