Tsinken Ketostix ga mai hawan keke da ya rage sitaci

Duk mai hawan keke da ya rage sitaci da sukari zuwa ƙasa da giram 50 a rana zai so sanin ko jikinsa ya koma ƙona kitse. Ketostix, wani tsinken gwaji, na auna hakan ta fitsari: yana gano ketone, sinadarin da jiki ke samarwa in yana ƙona kitse. Ka tsoma bakin tsinken, ka cire, ka jira daƙiƙa 15 cif, sannan ka gwada launinsa da jadawalin jikin kwalbar. In ka wuce lokacin, launin zai ƙara duhu ya ruɗe ka.

Kada ka gwada bayan doguwar tafiya. Awa uku a kan keke, gumi ya zuƙe ruwan jiki, fitsari ya yi kauri, sai tsinken ya rine shunayya. Ƙishirwa na iya jawo haka. Ka tsayar da lokaci ɗaya kullum, kafin ka hau keke.

Bayan 'yan makonni launin kan dushe ko da kana kan tsarin, domin jiki ya saba amfani da sinadarin. Kuma tsinken bai san komai game da sikeli ba: kilon da ke zubewa a makon farko yawanci ruwa ne.

Tsinken ya dace da watan farko. Rufe kwalbar gam, danshi na lalata tsinkayen, kuma wata shida bayan buɗewa a zubar.