Asusun gwaji na MetaTrader 5, bayan wata uku ina juya kuɗin da ba su wanzu ba

Tun da samari suka fara cika mana kunne da zancen foreks, wato saye da sayar da kuɗaɗen ƙasashe ta intanet, amsar da ake bai wa duk wanda ya nuna tsoro ba ta wuce ɗaya ba: ka fara da asusun gwaji, ai babu asara a ciki. Na bi wannan shawara na buɗe ɗaya a manhajar MetaTrader 5, na yi wata uku ina aiki da shi a waya da kuma kwamfuta.

Manhajar ta kamfanin MetaQuotes ce, wanda ya fitar da MetaTrader 4 a 2005, sannan ya biyo ta da MetaTrader 5 a 2010. Kamfanin ba dillali ba ne, manhaja kawai yake yi, dillalai su saya su haɗa ta da nasu asusun. Buɗe asusun gwajin bai ci mini minti biyar ba, kuma ba a nemi katin shaida ko sisin kwabo daga wurina ba. Abin da aka tambaye ni shi ne yawan kuɗin bogin da nake so a zuba mini, da kuma ninkin jari, wato adadin da dillali zai bari ka riƙe ciniki da shi fiye da abin da ka ajiye. Na zaɓi dala 100,000, domin lokacin ban ga dalilin yi wa kaina rowa da kuɗin da ba na kowa ba. Wannan zaɓi shi ne kuskurena na farko, zan kuma koma kansa.

Ta fuskar koyon aiki, sai dai a yaba. Farashin da ke motsi a allon yana bin na kasuwa, kuma duk maɓallin da mai asusun gaske yake dannawa shi kake dannawa. A nan na fahimci cewa ma'aunin da suke kira lot guda yana nufin raka'a 100,000 na kuɗin da ake ciniki a kai, cewa pip shi ne motsin lamba ta huɗu bayan ɗigo a farashin yuro da dala, kuma a lot guda kowane pip dala 10 ne. A nan ne kuma na koyi sanya umarnin tsayar da asara da na kwashe riba, bayan da na taɓa danna sayarwa a inda nake nufin saye har sau biyu cikin mako guda. Da kuɗin gaske ne, wannan ɗan zamewar yatsa ya isa ya hana mutum barci. Manhajar kwamfuta ta fi ta waya nesa ba kusa ba: tana da matakan lokaci 21 na duba tafiyar farashi, inda tsohuwar take da 9, tana da kalandar sanarwar tattalin arziki, ga kuma wurin gwada dabara a kan farashin shekarun baya. Ta waya ta ishi mai leƙawa ya ga inda ciniki ya kwana, amma nazari a ƙaramin allo wahala ce. Babu Hausa a cikin harsunan manhajar, saboda haka wanda Turancinsa bai nuna ba sai ya samu mai zama kusa da shi a kwanakin farko.

Sashen da na fi amfana da shi shi ne tarihin ciniki, inda ake rubuta kowane shiga da fita da lokacinsa da abin da aka cire. Nan ne na fara ganin kuɗaɗen da masu talla ba sa ambata. Duk wanda ya taɓa zuwa Wapa a Kano ya san ɗan canji ba ya saye da sayarwa a farashi ɗaya, tazarar da ke tsakani ita ce abincinsa. Haka dillalin intanet yake, shi ya sa kowane ciniki ke buɗewa da 'yar asara tun kafin farashi ya motsa. Akwai kuma kuɗin kwana, wanda ake cirewa ko a ƙara idan ciniki ya kai gari ya waye, kuma a yawancin dillalai na daren Laraba ana ninka shi uku domin a cike kwanakin ƙarshen mako. Asalin kuɗin kwanan nan bambancin kuɗin ruwa ne tsakanin ƙasashen biyu, don haka ne dillalai da yawa ke tallata abin da suke kira asusun Musulunci, wanda ba a cire shi. Rashin cire shi bai kashe maganar halaccin cinikin ba, domin Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na Makka a 2006, ta hana ciniki da jarin da dillali ke ranta wa mai saye bisa sharaɗin ya yi cinikin ta hannunsa. Yarjejeniyar bambancin farashi da ake kira CFD, wadda da ita ake cinikin zinare da man fetur a manhajar, ba ta ba ka ko ƙwayar zinare ka riƙe, bambancin farashi kawai ake biyanka ko ka biya. Asusun gwaji ba zai yi maka wannan tambaya ba, sai dai ka kai ta gaban malaminka da kanka.

Yanzu ga maganar dala 100,000. Cikin mako uku na farko na ƙara kusan dala 4,000 a kai, har na fara yi wa kaina kallon gwani. Lissafin mai sauƙi ne: lot guda, pip 30, dala 300, kuma idan farashi ya juya mini baya sai in ƙyale shi, tunda jarin na da faɗin da zai shanye kowace girgiza har farashin ya dawo. Da na zauna na tambayi kaina nawa zan iya sakawa da gaske ba tare da na taɓa kuɗin cefane ba, amsar ba ta wuce dala 200 ba. Sai na buɗe sabon asusun gwaji da wannan adadi, nan take labari ya sha bamban. A mafi ƙarancin ma'auni, wato 0.01 na lot, pip 30 ɗin nan da ke ba ni dala 300 ya koma dala 3, abin da bai kai kuɗin datar da na ƙona ina kallon allo ba. Gajiya da wannan ci na tsuntsu ce ta sa na ɗaga ninkin jari zuwa 500, na buɗe rabin lot, inda kowane pip ya zama dala 5, ma'ana pip 40 kacal ya ishi asusun ya ƙone ƙurmus. Ranar wata Juma'a ce ta farkon wata, ranar da Amurka ta saba fitar da alƙaluman samar da ayyukan yi da ƙarfe takwas da rabi na safe agogon Niyok, wanda ke faɗowa ɗaya da rabi ko biyu da rabi na rana a Najeriya gwargwadon lokacin shekara. Na bar cinikin a buɗe na tafi masallaci. Da na dawo na duba waya a bakin ƙofa, an riga an rufe shi da ƙarfi, dala 200 ta koma 'yan canji. Laifin ba na manhaja ba ne, ta yi daidai abin da na umarce ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ko gezau ban yi ba, na ci abincin rana, na sake buɗe wani asusun kafin la'asar. Wannan shi ne babban giɓin kowane asusun gwaji, na kowane kamfani. Hannu yana koyo, amma zuciya ba ta shiga ajin, domin ba ta san zafin kuɗin da aka yi gumi kafin a samu ba, ba ta kuma san irin zugar da ke sa mutum ya ninka ciniki don ya rama asarar jiya ba. Akwai kuma giɓi na biyu wanda ya shafi kasuwa ita kanta. A gwaji umarninka ba ya zuwa wurin mai saye na gaske, saboda haka sau da yawa ana cika shi a farashin da ka gani, alhali a kasuwar gaske farashi na iya tsallake wurin da ka sa umarnin tsayar da asara. Misalin da ba a mantawa shi ne na 15 ga Janairu, 2015, ranar da Babban Bankin Suwizalan ya janye iyakar 1.20 da ya ɗora tsakanin yuro da kuɗinsa ba tare da gargaɗi ba. Farashi ya yi tsalle cikin mintuna, masu ciniki da dama suka wayi gari da bashi a kansu bayan jarinsu ya ƙare, dillalin Alpari na Birtaniya kuma ya durƙushe.

Ya kamata kuma a tuna cewa dillali ba don Allah yake ba da asusun gwaji kyauta ba, ƙofar shago ce. Wani dillali da na ba lambata lokacin buɗe asusu a wurinsa ya yi ta kira yana taya ni murnar ribar bogi, yana cewa lokaci ya yi da zan saka na gaske. Hukumar da ke sa ido kan kasuwannin hannayen jari ta Tarayyar Turai, ESMA, ta gano cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan masu cinikin CFD asara suke yi, shi ya sa a 2018 ta taƙaita ninkin jari zuwa 30 a manyan kuɗaɗe, 20 a zinare, 2 a kuɗin kirifto, ta kuma tilasta wa dillalai rubuta kason masu asara a tallarsu. Ninki 500 da na yi wasa da shi dillalan da ke rajista a wajen irin waɗannan dokoki ne ke bayar da shi, kuma su ne suka fi yi wa matasanmu talla. A Najeriya dokar zuba jari ta 2025 ta wajabta wa masu gudanar da dandalin foreks na intanet yin rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari, saboda haka kafin a tura ko naira ɗaya sai a duba sunan dillalin a wurinta.

Ga wanda yake son ya san yadda wannan kasuwa ke aiki, ina ganin asusun gwajin MetaTrader 5 ya cancanci lokacinsa, da sharaɗin ya zuba adadin da zai iya sakawa da gaske, ya tsayar da ninkin jari a 30, kuma kada ya sake buɗe sabo duk lokacin da ya ƙona na hannunsa ba tare da ya rubuta dalilin ƙonewar ba. Asusuna na uku, wanda na bi waɗannan sharuɗɗa a kansa, ya yi mako shida da ciniki 41, kuma daga dala 200 yana kan dala 187 a ranar da na rufe shi.