Carnival of Souls a faifan Criterion, ya ci kuɗinsa kuwa?

Fim ɗin nan fa kyauta yake a YouTube, don ba mai haƙƙin mallakarsa a Amurka, shi ya sa kowane ɗan kasuwa ke kwafa ya sa a kwali ya sayar, hoto dishi-dishi murya kamar daga cikin rijiya. To amma ni dai na ce Blu-ray ɗin da Criterion, kamfanin Amurka mai gyara finafinai ya fitar da su a faifai, ya yi a 2016 ya ci kuɗinsa.

Fim ne na 1962 baƙi da fari, Herk Harvey ya shirya shi da abin da bai wuce dala dubu 33 ba, mutumin da sana'arsa finafinan koyarwa ce a Kansas. Candace Hilligoss ce Mary, mota ta faɗa kogi da ita da ƙawayenta ita kaɗai ta fito, ta tafi Salt Lake City tana kaɗa ogan a coci, sai wani mai farar fuska ya dinga bayyana mata (Harvey ɗin ne da kansa, tsabar tsimi). Ba jini ba sara, tsoron duk a ƙwaƙwalwa yake. Wurin da ta shiga kanti tana magana ba mai jinta ba mai ganinta, sauti ya ɗauke ɗif, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, kuma a nan za ka gane amfanin gyaran hoto na 4K da na sauti da Criterion suka yi, don a jabun kwafi shirun nan shuuu kawai kake ji, tsohon ginin shaƙatawa na Saltair da ke bakin tafki kuma duhu ne zalla, a na Criterion kuwa har inuwar ginshiƙai kana gani.

Gaskiya wasan wasu 'yan fim ɗin sai a hankali, musamman wanda ya fito a likita.

Inda Criterion suka ɓata min rai, gajeren da aka nuna a silima kawai suka sa, mai minti 78. Dogon na darakta yana kan DVD ɗinsu na 2000 mai faifai biyu, a Blu-ray ɗin sai dai guntayen da aka yanke a gefe. Don haka masu tara faifai, wanda ke da tsohon kar ya kuskura ya sayar. Kuma ku duba rijin, wato yankin duniyar da aka yi faifan dominsa, kafin oda, na Amurka A ne, yawancin injinan da ke zuwa mana B suke ci.